Ziyarar Bakin Ruwan Tiga

 Asalin rubutun nan wata magana ce da ta haɗa ni da wani maƙwabcina, ɗan kasuwa mai zuwa Ikko sarin kaya. Ya ce mini in kansa ya ɗauki zafi da lissafi, sai ya tafi bakin teku ya zauna ya dubi ruwa, ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ya ƙara da cewa, "Amma ku malaman zaure, Allah gafarta malam, ruwan da kuka sani bai wuce na buta da na tawada ba." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Na ce masa ranar Alhamis, da ya ke ba karatu, ya zo in kai shi gaɓar da ba sai an sayi tikitin jirgi ba.

Muka fita da sassafe, ni da shi da gardawana biyu. Muka bi hanyar Zariya, muka ratsa ƙasar Kura, inda ko da rani gonaki kore shar, shinkafa da tumatir da alkama. Sa'an nan muka bar babbar hanya muka bi ta Bagauda, inda makarantar horon lauyoyi ta ke a bakin tafki. Daga birni zuwa Tiga kimanin kilomita 70 ne.

Ƙasar Bebeji ke nan, kuma fatake sun san ta. A garin Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya yi fataucin goro har Gwanja, ya riƙa ɗora shi a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. A zamaninsu mutumin Bebeji sai ya yi watanni bisa hanya da jakuna kafin ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Yau jikokinsu suna iya ganinsa kafin hantsi.

Da muka hau kan madatsar, maƙwabcina ya yi shiru. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, duwatsu sun kewaye shi, iska mai sanyi tana kaɗo shi yana bugun gaɓa. An gina madatsar nan a zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga 1971 zuwa 1974, aka tare Kogin Kano da bangon ƙasa da dutse mai tsawon kusan kilomita 6. In tafkin ya cika, faɗinsa ya kan kai murabba'in kilomita 178, ya miƙa kudu har ƙasar Tudun Wada. Daga nan a ke sakin ruwan da ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, daga kogin nan kuma birnin Kano ke samun wani kashi na abin shansa. Watau shinkafar da ke tukunyarka da ruwan da ke butarka, mai yiwuwa nan suka kwana.

Amma ba bangon ne ya fi tsaya mini a rai ba. Muka gangara wata gaɓa inda masunta ke sauke kamun dare. Kwale-kwale jere, yara na warware koma, mata na gyaran kifi suna jera shi bisa banda. Na ga karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu. Muka yi sallama, muka nemi babbansu, aka kai mu wurin wani dattijo a gindin bishiya yana ɗinkin taru. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma.

Muna cikin hira ya nuna mini tsakiyar ruwa da bakin sandarsa. Ya ce, "Malam, ka ga inda farin tsuntsun can ya sauka? Daidai nan rumbunanmu su ke. Gaba kaɗan maƙabarta ce, mahaifina yana ciki." Shi ɗan manomi ne, yana saurayi ruwa ya ci garinsu, aka tashe su tare da dubban mutane, ya koyi su da girmansa a hannun baƙin masunta. Bai faɗi wannan da ɗaci ba, ya faɗa ne kamar mai ba da labarin damina. Amma ni daga wannan sa'a ban ƙara duban tafkin nan kamar abin kallo kaɗai ba. Na sa gardawa muka yi wa mamatan addu'a daga gaɓa.

Ba su kaɗai suka biya ba. Kogin nan in ya wuce Tiga ya kan haɗu da Calawa ya zama Kogin Haɗejiya. Tun da aka tare shi, ambaliyar da ta kan cika fadamun Haɗejiya da Nguru kowace shekara ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, manoma da masunta da makiyayan can suka ji a jikinsu. Ya kamata mai ziyara ya san wannan, don ya san nauyin abin da ya ke kallo.

Dattijon ya yi mini ƙorafi guda, na kuwa yi alkawari zan kawo shi nan. Ya ce ranar hutu samari kan zo daga birni cikin motoci, ba sallama, su ratsa tsakanin mata masu wanki suna ɗaukar hotonsu da waya, su watsar da leda da kwalabe, su tafi ko kifin kobo ba su saya ba. Ya ce, "Mu ba namun daji ba ne." Jama'a, gaɓar nan gidan mutane ce. Wanda ba zai shiga zauren wani ba sallama ba, don me zai shiga tasharsu haka? A nemi Sarkin Ruwa ko mai unguwa tukuna, a gaisa, a nemi izinin hoto, a sayi abin da su ke sayarwa. Maƙwabcina ma ya so ya gwada musu tayin Kantin Kwari, sai na taka masa ƙafa. Mutumin da ya kwana cikin ruwa da sanyin hunturu ba shi a ke yi wa tayin wulaƙanci ba.

Sai batun shiga jirgi, kuma a nan na ke roƙon 'yan'uwana malamai su saurara. Wani matashi ya ce zai zaga da mu. Na duba na ga kwale-kwalen ya riga ya ɗauki mutane da buhuna har bakinsa na shan ruwa, kuma ba rigar ruwa ko ɗaya. Na ce a'a. Gardawana suka ɓata fuska, ban kula ba. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife a madatsar Watari ta ƙasar Bagwai, ya ci rayuka fiye da 20, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. 'Ya'yan mutane amana ne a hannunmu. Muka jira har aka sami jirgi wofi, muka shiga mu huɗu da matuƙi, muka bi gefe-gefe. Haka kuma kada a bar almajirai su yi wanka a kwantaccen ruwa mai ciyawa, domin nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya ke zama. Yaro ya dawo yana fitsarin jini, iyaye su ce da malam me?

Ga fatake kuma ina da magana. A bisa dutsen da ke duban tafkin akwai masaukin da a ke kira Rock Castle, wanda aka gina don baƙi, ya yi zamaninsa, daga baya ya shekara da shekaru ba kulawa. To, ba sai an jira babban gini ba. A gaɓar da muka sauka ban ga rumfar hutawa ba, ban ga wurin kama ruwa mai sutura ba, ban ga mai ba da hayar rigar ruwa ba, kuma kifin da bai sami mai saye da safe ba sai banda, don ba ƙanƙara. Duk waɗannan ƙananan jari ne. Wanda ya shiga da yardar masu wurin, ya ɗauki 'ya'yansu aiki, ina zaton ba zai yi asara ba, baƙi kuma za su daɗe su kashe kuɗi maimakon su leƙa su juya.

Mai sauran ƙarfi yana iya zarcewa kudu. Daga Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru hanyar Jos ta ke ɗaukar mutum zuwa Tudun Wada, sa'an nan ta ratsa dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan Kogin Kano. Dajin ya yi fama da ɓarayin shanu, har sojoji suka shiga suka yi atisaye a 2017, saboda haka a ratsa shi da rana, a kuma tambayi direbobin hanya labari kafin a tashi. Bayansa ƙasar Doguwa ce, da duwatsun Riruwai, inda tun kafin zuwan Turawa a ke narka kuza a zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Wannan tafiyar kwana ce, mu ba mu yi ta ran nan ba.

Lokacin da ya fi dacewa da Tiga shi ne bayan kaka, tafki a cike, hanya a bushe, rana ba ta yi zafi ba. A tafi da guzuri da ruwan sha da tabarma, a juyo kafin magariba.

Mun iso gida ana kiran lisha, motar duk ƙaurin banda. Maƙwabcina ya ce ruwan dai ba shi da gishiri, kuma igiyarsa ba ta kai ta Ikko ba. Na ce na yarda. Amma tun a hanya na ji yana tambayar gardawa nawa a ke sayar da rigar ruwa a Sabon Gari. Wassalam.