Tashar Nukiliya da Kifin Kogunanmu: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

An shirya wannan bayani ne domin jama'a baki ɗaya, musamman masunta da fataken kifi Hausawa mazauna Anaca da Fatakwal da Inugu.

Har yanzu Nijeriya ba ta da tashar lantarki mai aiki da nukiliya. Abin da take da shi ƙaramar na'urar bincike ce a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Amma an riga an ware wurare biyu domin gina irin wannan tasha, wato Geregu ta Jihar Kogi a bakin kogin Kwara, da Itu ta Jihar Akwa Ibom a bakin kogin Kuros. Ruwan da ya wuce Geregu shi ne yake gangarowa Anaca. Saboda haka maganar ta shafi duk mai kasa kifi a kasuwar Ose.

Ina Haɗarin Yake?

Tashar nukiliya tana zuƙar ruwa mai tsananin yawa domin sanyaya tururin da ya juya injinanta. A bakin bututun akan sa raga. Ƙarfin ruwa yakan manna manyan kifaye a jikin ragar har su galabaita su mutu. Ƙwai da 'ya'yan kifi kuwa sukan wuce ta ramukanta, zafi da magungunan wanke bututu su hallaka su. Wannan ita ce babbar asara, domin ido ba ya ganinta sai kamu ya ragu.

Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

A Ingila ana gina tashar Hinkley Point C kusa da bakin kogin Severn, hanyar wani kifi mai daraja da Turawa ke kira salmon. Shi wannan kifi a teku yake girma, sa'an nan ya hau kogi ya zuba ƙwai. An sharɗanta wa kamfanin EDF ya sa na'ura mai ƙara da za ta kori kifi daga bakin bututu. A 2019 kamfanin ya nemi a ɗauke masa wannan sharaɗi, aka yi zaman bincike a bainar jama'a, a 2022 gwamnati ta ƙi amincewa.

A Amurka ma dokar tsabtace ruwa ta 1972 ta tilasta wa tashoshi bin hanya mafi inganci wajen jan ruwa. Daga cikin dabarun akwai rage gudun ruwa a bakin raga zuwa kimanin santimita 15 a daƙiƙa, yadda kifi zai iya kuɓuta, da gina hasumiyar sanyaya ruwa domin a riƙa maimaita amfani da shi.

Haɗa Kan Hukumomi

A nan gida aikin yana hannun hukumomi da dama. Hukumar Makamashin Nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1976, ita ke tsara shirin. Hukumar NNRA ke ba da lasisi bisa dokar 1995. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke duba rahoton illar aiki ga muhalli bisa dokar 1992. Cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa kuma ita ta san lokacin da giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa. Idan kowace ta yi gaban kanta, sai a ba da lasisi ba wanda ya tambayi lafiyar kifi. Wajibi ne su zauna tare tun kafin a zana bututun, gama gyara bayan an gama gini tsada gare shi.

Aikin Jama'a

Doka ta ce a baje rahoton muhalli a fili domin kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Ana roƙon sarakunan Hausawa da sarakunan ruwa da shugabannin 'yan kifi, idan lokacin ya zo, su nemi a fassara musu shi, su kuma yi tambaya uku. Ruwa nawa za a ja? A wane wuri? Wace hukuma ce za ta riƙa ƙidaya kifin da ya mutu? Rigakafi dai ya fi magani.