Da Me Za Mu Rufe Tagoginmu?

A yawon da muke yi cikin ƙauyukan Funtua da Malumfashi, daga Bakori da Danja har Kafur, akwai wani abu da muke yawan gani. Mutum ya sayar da masara da auduga da kaka, ya gina ɗakin kwano mai kyau, ya fitar da taga. Bayan wata biyu sai ka tarar an cusa wa tagar tsumma, ko an buga mata buhun taki da ƙusa. In ka tambaya sai a ce sanyi ne, ko ƙura, ko kuwa idon masu wucewa. Waɗannan dalilai gaskiya ne, amma toshe taga ba shi ne magani ba.

Ku tuna da sanƙarau. Ciwo ne na rani, daga hunturu zuwa bazara, yana kuwa saurin yaɗuwa inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya babu iska. A shekarar 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a nan Arewa. A 2017 ya sāke ɓullowa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Allurar rigakafi ita ce gaba, amma ɗaki mai iska yana taimakonta.

To, in an bar taga a buɗe, sauro fa? Nan ne zaɓe ya zama dole. Ga abubuwa huɗu da aikin kowannensu.

Na fari, ragar waya. Ita ce ta fi muhimmanci, gama tana barin iska ta shiga, ta tsare sauro. A ƙasar Gambiya an gwada sa raga a tagogi da ƙofofi tare da toshe ratar da ke tsakanin bango da rufi. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna sauron da ke shiga ya ragu fiye da rabi, ƙarancin jini ga yara kuma ya ragu. Saboda haka in kun sa raga, ku liƙe wannan rata da laka. Kada kuma a daina kwana cikin gidan sauro.

Na biyu, asabari. Kakanninmu sun san shi, ana saƙa shi da tsaure, ba shi da tsada. A rataye shi ta waje, musamman a tagar yamma, domin ya tare ranar la'asar tun ba ta dafa ɗakin ba. Yana kare idon mutane, iska kuwa tana ratsa shi. Da damina a riƙa naɗe shi don kada ya ruɓe.

Na uku, murfin katako ko na ƙarfe. Hadarinmu daga gabas yakan taso, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Tagar da ke fuskantar can tana bukatar murfi mai sakata. A rufe sa'ad da ruwa ko ƙura suka taso, a buɗe in sun wuce.

Na huɗu, labule. Uwargida takan so shi, yana kuwa ƙawata ɗaki. Amma ba ya hana sauro, yana tara ƙura, in kuma fitila ko kyandir na kusa yakan jawo gobara. A zaɓi yadin auduga marar kauri wanda za a iya wankewa.

Ga masu shirin gini: faɗin tagogi ya kai kashi 1 cikin 10 na daɓen ɗaki. Watau ɗaki mai ƙafa 10 da 12 yana son taga biyu, kowacce ƙafa 2 da 3, a bango daban-daban don iska ta ratsa.

In kuɗi bai isa duka ba, a fara da raga a ɗakin da mata da yara suke kwana, a ƙara da asabari. Labule ya jira kaka mai zuwa. Jama'a, yau da yamma kowa ya zaga bayan ɗakinsa ya cire tsumman nan.