ƊAIƊOYA: GANYEN ƘANSHI DA AMFANINSA GA MAZAUNA SABO, IBADAN

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin faɗakar da jama'ar Sabo ta birnin Ibadan, wanda Hausawa ke kira Badun, game da wani tsiro da kowa ya san ƙanshinsa, amma ba kowa ya san iyakar amfaninsa ba. Wannan tsiro shi ne ɗaiɗoya, wadda a wasu wurare ake ce wa ɗoɗɗoya. Yarabawa suna kiranta efinrin, Ibo kuwa nchuanwu, Larabawa su ce raihan. Za a bayyana yadda ake shuka ta a gida, da yadda ake sa ta a abinci, da abin da take yi na magani. Za a kuma bayyana inda ƙarfinta ya tsaya, domin jahiltar wannan iyaka na iya jawo asarar rai, musamman ran ƙaramin yaro.

Asalinta da ire-irenta

Ɗaiɗoya 'yar uwar na'ana'a ce, dangi ɗaya suke. In mutum ya murza karanta tsakanin yatsunsa zai ji yana da kusurwa huɗu, ganyayenta kuma biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna. Iri biyu ne suka fi yawa a Nijeriya. Akwai babba, mai faffaɗan ganye, wadda masana ke kira Ocimum gratissimum. Ita takan kai tsawon mutum, takan kuma yi shekaru tana ba da ganye, kuma ita ce aka fi gani a bayan gidajen Ibadan. Akwai kuma ƙarama, mai taushin ganye, wato Ocimum basilicum, wadda tsawonta bai cika wuce gwiwa ba, takan mutu in ta gama fure da 'ya'ya.

Ba yau Hausawa suka san ta ba. A shekarar 1916, wato shekarar da aka kafa unguwar Sabo domin fataken goro da na shanu, wani likita mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa, kuma ɗaiɗoya tana ciki. A 1937 ya sake buga wani babban littafi a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma.

Malamai masu karanta littattafan ɗibbu na Larabci sukan gamu da sunan wani fure mai ƙanshi da ake kira banafsaj, wanda Ibn Sina ya ambata a littafinsa na Ƙanun. Wannan ɗan gajeren tsiro ne mai shunayyar fure, yana fitowa a Turai da Afirka ta Arewa da yammacin Asiya. Mutanen can suna dafa furensa da sukari su sha domin tari, a birnin Tulus na Faransa kuma ana yin alewa da shi. Amma banafsaj tsiron sanyi ne da inuwa, ba ya jure zafin ƙasarmu. Abin da yake yi wa mutanen can, na ƙanshi da girki da 'yan ƙananan magungunan gida, shi ɗaiɗoya ke yi mana a nan, ba tare da an kashe kuɗin waje ba.

Yadda ake shuka ta

Kowa ya san gidajen Sabo a matse suke, fili ya yi ƙaranci. Wannan bai hana shuka ɗaiɗoya ba, domin tsohon bokiti ko fasasshiyar randa ko buhun da aka juye shinkafa ya ishe ta. Yanayin Ibadan kuma ya dace da ita ƙwarai, tun da damina takan fara a watan Maris ko Afirilu ta kai har Oktoba, ta fi ta Kano da Katsina tsawo nesa ba kusa ba. Ga yadda za a yi:

1. A nemi mazubi mai zurfin kamu ɗaya, a huda gindinsa wuri uku ko huɗu domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kada a yi amfani da gwangwanin fenti ko na maganin ƙwari ko na baƙin mai.

2. A haɗa ƙasa kashi biyu, da yashi kashi ɗaya, da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

3. A yanko reshe lafiyayye mai tsawon taƙi ɗaya, wanda bai yi fure ba, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gindinsa cikin kwalbar ruwa. A riƙa sauya ruwan bayan kowane kwana biyu, kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Cikin mako ɗaya zuwa biyu saiwa za ta fito, sai a dasa da yamma. Wanda ya samu iri kuwa sai ya barbaɗa shi a saman ƙasa, ya rufe da ƙasa kaɗan, domin ƙwayarsa ƙanana ce.

4. A ajiye mazubin inda rana ke samunsa akalla rabin yini, kuma inda awaki da kaji ba za su kai gare shi ba.

5. A ba ta ruwa mai tsabta in saman ƙasar ya bushe. Ruwan kwata da na lambatu suna ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ta zazzaɓin taifot, bai kamata su taɓa ganyen da za a ci ba.

6. In ta kai kamu ɗaya sai a tsinke kanta domin ta yi rassa. Haka kuma a riƙa cire fure da zarar ya ɓullo, in ba iri ake bukata ba, domin fure yana rage yawan ganye.

Bayan wata biyu zuwa uku sai a fara tsinka. Kada a taɓa yi mata ƙwal-ƙwal, a bar mata akalla rabin ganyenta domin ta sake tohowa. Kada kuma a fesa mata maganin ƙwari. In ƙwari sun kama wani reshe sai a yanke shi a yar.

Matar da ke cikin kulle tana iya yin wannan aiki duka ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Mai sayar da dafaffen abinci kuwa ta huta aika yaro kasuwar Mokola ko ta Bodija domin ɗan ƙullin ganye. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Irin wannan noma na bayan ɗaki shi Gwamnatin Tarayya ta yi kira a kansa a 1976, lokacin da Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa. Mai neman ƙarin bayani yana iya zuwa Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wato NIHORT, wadda aka kafa a 1975 a Idi-Ishin, cikin Ibadan ɗin nan.

Amfaninta a girki

Ƙanshin ɗaiɗoya yana fitowa ne daga wani ɗan mai da ke cikin ganyen, kuma wannan mai yana bin tururi ya gudu in wuta ta yi yawa. Saboda haka gwanar girki ba ta zuba ganyen tun farko. Sai abinci ya nuna, saura minti biyu ko uku a sauke, sannan ta yayyanka ta zuba ta rufe tukunya.

Ɗaiɗoya tana kashe ƙarnin kifi da na kayan ciki, shi ya sa farfesu ba ya cika sai da ita. Tana kuma dacewa da miyar tumatir, da miyar agushi, da faten doya, da dafa-duka, da wake. Ganye uku ko huɗu cikin butar shayi sukan sauya masa ɗanɗano. Babbar ta fi ƙarfi, ga ɗan ɗaci-ɗaci, saboda haka kaɗan ake sawa. Ƙaramar ta fi sauƙi a baki, ita ce mutanen birnin Janowa na Italiya ke kirɓawa da tafarnuwa da man zaitun da cuku su ci taliya da ita.

Wanda ganye ya yi masa yawa sai ya wanke shi, ya baza a faifai a cikin inuwa inda iska ke kaɗawa, har ya bushe ƙayau, sannan ya zuba a kwalba mai murfi. Shanya a tsakar rana tana kashe ƙanshi da launi.

Amfaninta a magani

Iyaye da kakanni, Hausawa da Yarabawa, sun daɗe suna dafa ganyen su sha domin kumburin ciki da murɗa da rashin son abinci, suna yin sirace da shi domin mura da toshewar hanci, suna kurkure baki da ruwansa. Masana ba su raina wannan sani ba. A shekarun 1969 da 1970 masu ilmin haɗa magunguna na Jami'ar Ife, cikinsu har da Abayomi Sofowora, sun buga sakamakon bincike a kan babbar ɗaiɗoya, kuma a 1982 Farfesa Sofowora ya wallafa littafi a kan tsirran magani na Afirka. An gano cewa man irin da aka fi samu a Afirka ta Yamma yana ƙunshe da wani sinadari mai suna taimol, wanda ake sawa cikin wasu magungunan kurkure baki. Wani irin kuma yana ƙunshe da yujinol, wato sinadarin da ke ba kanumfari ƙanshinsa. Duka biyun suna kashe wasu ƙwayoyin cuta in an gwada su a ɗakin bincike.

Amma a lura, abin da ya faru a cikin kwalbar gwaji daban yake da abin da ke faruwa a jikin mutum. Man da ke cikin kofi guda na dafaffen ganye ɗan kaɗan ne. Ya isa ya kwantar wa babban mutum da ciki in ya ci abinci mai nauyi, ya kuma sauƙaƙa masa mura, amma bai isa ya warkar da babbar cuta ba. Babba mai lafiya yana iya jiƙa ganye biyar ko shida cikin kofin tafasasshen ruwa na minti goma, ya tace ya sha. In kwana biyu sun wuce ba a samu sauƙi ba, sai a tafi asibiti.

Inda ba ta da iko

Zazzaɓin cizon sauro. Ɗaiɗoya ba ta kashe ƙwayar wannan cuta. Sirace yana iya sa gumi, jiki ya ɗan saki, alhali cutar tana nan tana cin jini. Ƙaramin yaro yana iya galabaita cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar. Gwajin bai wuce minti 20 ba. Tun 2005 Nijeriya ta sauya daga kulorakwin ta koma ga haɗin maganin da ake kira ACT, kuma wajibi ne a shanye shi duka, ko da an ga sauƙi. Gaskiya ne sauro ba ya son ƙanshin ganyen, amma ƙanshin ba ya daɗewa, ba kuwa zai maye gurbin gidan sauro mai magani ba.

Gudawar yara. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Maganin wannan shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wato ORS, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin takardarsa, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba da nono. In an ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a garzaya asibiti.

Jijjiga. A ƙasar Yarabawa akwai wani tsimi da akan ɗura wa yaro mai jijjiga, wanda ake haɗawa da fitsarin saniya da ganyen taba da albasa da tafarnuwa da ganyen efinrin da wasu abubuwa. A shekarun 1970 da 1980 likitoci da masana na Jami'ar Ibadan da Asibitin Koyarwa na UCH sun bincika shi, suka tabbatar yana zubar da sukarin jini, gubar taba kuma tana iya tsayar da numfashi, kuma yara sun mutu ta dalilinsa. Kasancewar ganye mai kyau a cikin haɗi bai mai da haɗin mai kyau ba. In yaro yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufa, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura masa kome, kada a kusanta ƙafarsa da wuta, a kai shi asibiti nan take.

Sauran gargaɗi

Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ba shi jiƙo ko tsimi kowane iri. Mai ciki tana iya cin ɗaiɗoya a miya kamar kowa, amma ta guji shan dafaffen ganye mai kauri. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya bar maganin likita ya koma ga ganye, in kuma yana sha to ya gaya wa likitansa. Kada a ɗiga ruwan ganye a ido ko a kunne, kada a tura shi cikin rauni mai zurfi. Wanda zai sayi maganin gargajiya na kwalba ya duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ya kuma yi hattara da mai cewa kwalba ɗaya tana maganin cuta arba'in.

Kammalawa

Ana roƙon masu unguwa da limamai da malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin mata na Sabo su karanta wa jama'a wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatun boko ba. Kowane gida ya samu ko da tushe ɗaya na ɗaiɗoya, wanda tasa ta yi rassa ya yanka wa maƙwabcinsa, Bahaushe ne ko Bayarabe. A ci ta a abinci, a sha ta domin ƙananan larurori, amma zazzaɓi da gudawa da jijjigar yaro a bar wa asibiti.