Kafet a bayan gidan Alhaji

Shekara da shekaru wurin kango ne. Alhajin ya sayi filin da ke bayan gidansa, a wata unguwa da ke gefen birnin Kano, da niyyar ya gina wa 'ya'yansa maza ɗakuna in sun tashi aure. Kuɗin gini bai haɗu ba, sai kangon ya zama na yaran layi. Bulo biyu nan, bulo biyu can, an yi raga. Da damina su buga cikin taɓo, da hunturu su koma gida fari fat kamar an tsamo su daga buhun fulawa.

Babban ɗansa ne ya kawo shawarar a shimfiɗa ciyawar roba, wadda 'yan unguwa ke ce wa kafet. Alhaji ya fi son ta gaske, mai tsiro, har sai da aka yi masa lissafin ruwa. A garin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, wa zai shayar da fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 18 safe da yamma? 'Yan garuwa?

Na ga aikin tun daga farkonsa. Shimfiɗa kafet ɗin kwana uku ya ci. Makonni ukun da suka gabace shi duk a ƙasa aka ƙarar da su. Leburori suka kwashe ƙasar sama da saiwoyi da ledoji. Tifa ta juye burji, aka baje, aka yayyafa ruwa, injin daɓe ya yi ta kai da komo. Sai tsakuwa, sai garin dutse mai laushi a kai. Mai aikin ya ja igiya ya ɗan karkatar da filin, kamar santimita ɗaya a kowace mita, yadda ido ba zai gani ba amma ruwa zai gane hanyar lambatu. Da Alhaji ya yi ƙorafin tifofin tsakuwa sun yi yawa, mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, kafet ba ya rufa wa ƙasa asiri. Duk ramin da muka bari, ruwan Agusta zai nuna maka shi." Ya yi gaskiya. Na san wani fili da aka yi ƙwauron tsakuwa, damina ɗaya ya koma tafki, kafet ɗin ya tattare kamar tsohuwar tabarma.

Ciyawar a nannaɗe take zuwa, kowane nadi faɗin mita huɗu. Ana warware su a bar su su sha rana su miƙe, kuma dole gashinsu ya kwanta ɓangare ɗaya, in ba haka ba fili ya fito launi biyu. Ana haɗa bakunan ta ƙasa da ƙyalle da gam. Fararen layukan ma ba fenti ba ne, yanka ake yi a dasa farar ciyawa. Daga ƙarshe a zuba busasshen yashi don ya danne ta, a bi da baƙaƙen ƙwayoyin tsofaffin tayoyi da aka niƙa don ƙafa ta ji taushi, a cusa su da buroshi.

Matasa kan ce "filin astro". Sunan ya samo asali ne daga Astrodome, wani rufaffen filin wasa a birnin Houston na Amurka, inda ciyawa ta mutu saboda rashin rana, aka maye gurbinta da ta roba a 1966. Mu nan ranar ce ta yi yawa. Da tsakar ranar Afrilu kafet kan wuce digiri 60 na zafi, ko kaza ba ta ratsa shi. Don haka sai bayan La'asar wurin yake farkawa, ya kai sha biyun dare ƙarƙashin fitilun sola. 'Yan Kantin Kwari su rufe shago su zo, ma'aikata su zo, da azumi kuwa sai an idar da asham ake cika. Mai shayi ya kafa tebur a bakin ƙofa. Wanda ya zame gwiwarsa ta saluɓe, ƙwayoyin taya su bi safa har ɗakin uwar gida. Wasu ƙwayoyin kuma ruwa ke kwashewa zuwa kwata, kuma irinsu ne Tarayyar Turai ta yanke shawara a 2023 cewa za ta hana sayarwa daga 2031.

Kafet yana tsufa. Shekara takwas zuwa goma zai nemi canji, ƙurar hunturu kuma tana toshe shi in Baba mai gadi bai bi shi da buroshi duk mako ba. Shi ya sa aka kewaye wurin da waya, aka sa ƙofa, aka sa kuɗin awa. Mutum goma su yi karo-karo su shiga.

Nan ne abin yake taɓa ni. Yaran da suka raya kangon nan da ƙafafunsu yanzu a bayan waya suke, yatsu a saƙale, suna jiran ƙwallo ta tsallako su ɗauko. Ban ga laifin Alhaji ba, filinsa ne, kuɗinsa ne. Amma filayen unguwa duk sun zama shaguna, wannan ne na ƙarshe da ya rage musu. Hajiya matar Alhaji ce ta sa baki, aka ba su safiyar Asabar da Lahadi kyauta, daga bayan Asuba zuwa ƙarfe takwas. A ganina ya yi kaɗan. Awa ɗaya kullum, lokacin da ba mai haya, ba za ta cinye kafet ba.

Asabar ɗin da ta wuce na je da sassafe. Silifa sun kai talatin a bakin ƙofa, kamar ta masallaci. Ana can ana rabon 'yan wasa da gardama, wani ɗan ƙarami ya kwanta rub da ciki a kusurwa yana jan ciyawar da yatsa, yana shinshinawa.

"Kai, ɗan nan," in ji Baba, "kar ka tsige min ita, ba ta tsirowa."