Yadda Ciwon Mantuwa Ke Bin Hanyoyin Ƙwaƙwalwa

Idan tsoho ya fara manta sunayen jikokinsa, mukan ce gigin tsufa ne. Ni kuwa so nake mai karatu ya san abin da ke faruwa cikin kansa.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a sarƙe suke, tamkar garuruwan da tituna suka haɗa. A cutar Alzaima, wadda wani likita Bajamushe ya bayyana a 1906, furotin iri biyu ne ke taruwa: amiloyid a tsakanin ƙwayoyin, tau kuma a cikinsu. A 1991 Heiko da Eva Braak suka nuna cewa tau ba barkatai yake yaɗuwa ba. Yakan fara ne daga sashen da ke adana sababbin abubuwa, sannan ya ci gaba daki-daki. Gwaji kan ɓeraye a 2012 ya nuna yana tsallakawa daga ƙwaya zuwa wadda ke haɗe da ita. Wato hanyar da saƙo ke bi, ita cutar ke bi.

Shi ya sa tsoho kan tuna ƙuruciyarsa amma ya manta ya karya kumallo. 'Yan'uwana ɗalibai, maimakon faɗa ko dariya, mu kai shi asibiti da wuri.