Kubectl: kiwon manhajoji daga nesa da 'yan layukan rubutu

A watan Fabrairun 2024 waya da intanet suka ɗauke a yawancin Sudan, bayan an rufe cibiyoyin kamfanonin sadarwa da ke Khartoum. A Hasahisa da ƙauyukan Jazira, mai kuɗi a Bankak ya rasa yadda zai taɓa su sai ya nemi Starlink. Darasin da masu kula da kwamfuta suka ɗauka shi ne: duk hidimar da ta dogara da gini ɗaya, ranar da aka rufe ginin ta tsaya.

Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, ba ya dawo da layin waya, amma yana rage irin wannan dogaro. Ana ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata cikin abin da ake kira kwantena, yadda za ta yi aiki a kowace kwamfuta. Sai a haɗa kwamfutoci da yawa su zama gungu ɗaya. Sandar kiwon gungun ita ce kubectl.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta: ba ka umartar wata kwamfuta ɗaya. Kana rubuta abin da kake so ne a fayil, misali kwafi uku na manhajar rajistar ɗalibai, ka miƙa shi da kubectl apply -f. Daga nan gungun ke gadi. In kwamfuta ɗaya ta mutu, sai ya tayar da kwafin da ya ɓace a wata, ko kana barci. Da kubectl get pods za ka ga masu rai, kubectl logs kuma ya nuna kukan wadda ta faɗi. In sabon gyara ya ɓata aiki, kubectl rollout undo zai mayar da na jiya. Duk rubutu ne zalla, don haka ko layi mai rauni yana ɗauka.

Sai dai a kula. Kwantena tana ƙaura cikin sauƙi, bayanai kuwa ba sa bin ta da kansu. Gungun da duk kwamfutocinsa ke ɗaki ɗaya, a kan janareta ɗaya, sunansa kawai gungu. A ganina, kafin matashi ya haddace umarni hamsin, gara ya fara tambayar inda kwafin rumbun bayanan yake kwana, a Port Sudan ko a wajen ƙasa, da kuma wanda ke riƙe da fayil ɗin kubeconfig, domin shi ne mabuɗin gungun.