Shin Ko Kun San? Yawon Yini Guda Daga Fadar Lafiya Zuwa Gaɓar Binuwai

Shin ko kun san cewa ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da hamadar Sahara yana bakin teku ne a ƙasar Gana? Sansanin Elmina ke nan. Mutanen Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A tsakanin nan ya zama matattarar bayi masu jiran jirgin ruwa. Yau motoci kan taso daga Akra da sassafe cike da baƙi, ɗan jagora ya zaga da su ɗakunan duhun da aka tsare mutane, ya kai su ƙofar nan da wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa, kafin dare sun koma masauki. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mu nan Lafiya ba mu da teku, ba mu da sansanin dutse. Amma muna da fada, muna da kufai, muna da gaɓar kogi, kuma duk mai mota da ɗan rakiya nagari zai iya zaga wasunsu tsakanin hantsi da magariba.

Shin ko kun san cewa Lafiyar Barebari ake ce wa garin nan a da? Tarihi ya nuna Muhammadu Dunama, mutumin Barno, shi ya kafa sarautar, a wurin da akwai wani ƙauye mai suna Anane. Don haka duk yawon da za a yi, daga ƙofar fada ya kamata a fara, a kutsa tsohon gari, wajen unguwannin Ciroma da Gayam da Makama da Zanwa. A nan ne kunne zai ji Hausa a bakin mutanen da za su gaya maka kai tsaye cewa kakanninsu daga Barno suka zo.

Shin ko kun san cewa a ƙarni na 19 Lafiya Bauci take kai gaisuwa, alhali Keffi da Nasarawa da Doma suna kai tasu Zazzau? Garuruwan da yau suke jiha ɗaya, tun da aka yanke Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, a da tutoci daban-daban suke bi.

Kasuwar Lafiya kuwa ta bunƙasa ne a zamanin Muhammadu Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903. A lokacinsa ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatake zuwa Loko. Sunan Agwai ya sake dawowa da Sarki Isa Mustafa Agwai, wanda ya hau a 1974 ya rasu a Janairun 2019, aka naɗa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya baro kujerar alƙalanci a Kotun Ƙoli ta ƙasa. Wanda zai shiga fada ya sani gida ne mai masu shi, ba gidan kallo ba. A nemi izini tun kafin ranar, a tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe, a gaida dogarai, kada a ɗaga waya a ɗauki hoto sai an ce a ɗauka. In aka yi sa'ar bafade dattijo mai son magana, to a zauna, a ce masa "Ranka ya daɗe, wa ya gaji wa?" a kuma bar shi ya ja zaren da kansa.

Shin ko kun san cewa teku ta taɓa kwanciya a ƙasar nan da muke noman doya da riɗi? Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce ruwan teku ya malalo cikin kwarin Binuwai, ya bar shimfiɗar duwatsu masu ɗauke da ɓawon halittun ruwa. Da wannan suke danganta ruwan gishirin da ke ɓuɓɓugowa a Keana da Awe da Azara.

A ganina, in mutum yini ɗaya tak gare shi, Keana ya nufa. Daga Lafiya a bi ta Obi, inda kwal ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, a wuce. Keana garin Alago ne, sarkinsu Osana ake ce masa, kuma tarihin bakinsu yana komawa Kwararrafa, daular nan da ta sha kai yaƙi har Kano da Katsina. Abin da ya sa na fifita Keana shi ne tarihinta bai mutu ba, aiki ake yi da shi. Harkar gishirin a hannun mata take, uwa ta koya wa 'ya. Da rani sukan ɗebo ruwan gishiri su yayyafa a kan filin da aka share, rana ta busar, su kankare ƙasar da ta sha gishirin, su zuba ta cikin tukwane masu huda a gindi, su ƙara ruwan gishiri a kai ya tsiyaye, sannan su dafa abin da ya tsiyayo a kan wutar itace har ruwa ya ƙone, farin gishiri ya rage. Aiki ne na kwanaki, na zafin rana da hayaƙi. Kafin gishirin buhu ya cika kasuwa, wannan ne ya ja fatake daga nesa, kamar yadda gishirin Bilma ya ja ayarin raƙuma a can arewa. Da shi aka gina sarauta, saboda shi aka yi gaba, kuma har yau ana bikinsa, bikin Oyarore. Baƙon da ya je ya sayi ko mudu ɗaya a hannun matan, kada ya tsaya kallo kawai. Cinikin nan ne zai sa 'yan mata su ga sana'ar ta cancanci a gada.

Shin ko kun san cewa Doma, wadda ke nan kusa da Lafiya, 'yar'uwar Keana ce? Su ma Alago ne, sarkinsu Andoma, bikinsu Odu, kuma labarin baka ya ce tare suka taso kafin hanya ta raba su. Akwai madatsar ruwa a can ga mai son hutawa.

A yankin Awe kuma akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi a Akiri, hanyar kuma tana ƙarewa a Tunga, bakin Binuwai.

Shin ko kun san cewa a 1854 wani jirgin ruwa mai tururi, Pleiad, ya hauro Binuwai ta gaban ƙasarmu? Likita William Baikie ne ya jagorance shi, suna neman labarin Heinrich Barth, Bajamushen da mutanenmu suka sani da Abdulkarim. A cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama shi bawa yana yaro, daga baya ya zama bishop. Abin da ya sa tafiyar ta yi suna shi ne sun riƙa shan kwinin, kuma zazzaɓi bai kashe ko mutum ɗaya ba, alhali tafiye-tafiyen da suka gabata sun zama makabarta. Daga nan kogin ya buɗe wa Turawa. A ƙarshen 1866 Gerhard Rohlfs ya taso daga Kukawa ya bi ta Bauci da Keffi ya sauka Binuwai, ya ɓulle Legas a 1867.

Loko ita ce tasharmu ta ruwa, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da Lafiya. Nan fataken tudu suke haɗuwa da masu kwalekwale, nan kamfanin Turawa na Neja ya kafa wurin ciniki. Gishiri ya bi ta nan, hauren giwa ya bi, mutane ma sun bi a ɗaure. Yau gada ta haɗa Loko da Oweto, mota na tsallakewa cikin 'yan mintoci, ba kowa ke waiwayen tsohuwar mashigar ba.

Shin ko kun san cewa zaren cinikin bayin nan ya kai har bakin teku da hayinta? Hausawan da aka sayar sun isa Bahia ta ƙasar Birazil, inda aka bankaɗo shirinsu na tawaye a 1807, wasunsu kuma suna cikin boren Musulmi na 1835. A Legas, a 1863, John Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere, ya kafa rundunar da sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Irin waɗannan dakaru aka kai yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Sarkin Asante Prempeh na ɗaya ma a Elmina aka fara tsare shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can sai tsibirin Seshel.

Shin ko kun san abin da ya sa kufanmu ba sa daɗewa kamar na Turawa a Elmina? Kayan gini ne da ruwan sama. Su dutse da farar ƙasa suka yi amfani da su. Mu tubali ne da azara da yaɓe, ginin da ke son a taɓa shi duk shekara. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ta kai yau ne don an yi ta yi mata gyara ƙarni bayan ƙarni, kuma ko ita ga yadda ake cinye ta. To ina ga nan, inda damina ke farawa tun Afrilu ta kai Oktoba? Ganuwar da aka daina yaɓewa takan koma tudu, tudun ya koma gona, gonar a yanka ta fuloti. Shi ya sa a ƙasarmu ɗan jagora ya fi gini muhimmanci. A Elmina bango na nan ko ba mai bayani. A nan kuwa sai wani ya nuna maka da sanda ya ce nan ƙofa take, nan gwalalo ya bi, in ba haka ba ka taka wurin ka wuce. Dattawan da suka ji daga bakin waɗanda suka gani suna ta raguwa. Ina roƙon malaman tarihi na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da na Jami'ar Jiha da ke Keffi su tura ɗalibai da na'urar naɗar murya, makarantun sakandare kuma su riƙa fitar da yara ko sau ɗaya a zango.

Tashar jirgin ƙasa ta Lafiya ma abin gani ce. Layin ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, ya haɗe da na Kaduna ta Kafancan a 1927. Gadar Makurɗi sai 1932 aka buɗe ta, kafin nan a jirgin ruwa ake tsallakar da taragu.

Shin ko kun san cewa duwatsun da ke tsaye a gefen hanya tsakanin Lafiya da Akwanga su ne sansanin mutanen Eggon? Ba su gina ganuwa a fili ba, sama suka hau, inda doki ba ya iya bin su. Abin da ya kai su can kuwa a faɗe shi yadda yake: harin masu kamun bayi ne, ciki har da mahaya daga masarautun da muke alfahari da su. Sai a zamanin Turawa da bayansa akasarinsu suka sauko. Wanda zai hau ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya saurari labarin daga bakin jikokin waɗanda aka kora, ya kuma kiyaye wuraren da aka ce ba a shiga.

Wannan hanyar ita ke kai mutum Keffi, garin da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19. Shin ko kun san cewa abin da ya faru a nan a watan Oktoba na 1902 shi ya zama hujjar cin Kano? Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney a ƙofar fada, ya hau doki ya nufi arewa. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuwa ya riƙe wannan a matsayin dalili. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta bi a watan Maris. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira gabas, kuma a Burmi suka kwanta dama tare, ranar 27 ga Yuli, 1903. Kabarin Moloney na nan a kan dutsen da ake kira da sunansa a cikin Keffi. Littattafan Turawa sun kira Magaji mai kisan kai da fataucin bayi, mutanen gari da yawa suna kiransa gwarzon da ya ƙi miƙa wuya. A tambayi mutum biyu ko uku a garin, kada a tsaya ga na farko.

Kada a haɗa hanyoyin nan biyu a yini ɗaya. Ko dai a yi kudu, Doma da Keana, ko a yi arewa maso yamma, Eggon da Keffi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, hanya ta bushe, zafi bai tsananta ba. A tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a tashi, musamman ɓangaren Keana da Awe da Doma inda aka sha samun rikici, a sanar da fadar garin da za a je, a riƙe goro da ɗan abin hasafi na mai rakiya, a juyo da la'asar. Magangarar Farin Ruwa ta yankin Wamba, wadda ake ƙiyasta tsayinta da mita 150, ita kam a ware mata ranarta daban, kuma ta fi cika a ƙarshen damina.